Ba Kowace Igiya Ce Yanar Gizo Ba

Tambayoyin da suka iso mini a wannan karon duk sun ratso ta hanya ɗaya, wato haɗa kwamfutoci su yi magana da juna. Ni ba injiniya ba ne, aikina kalmomi ne, amma ba a raɗa wa abu suna sai an san halinsa. Don haka sai da na je na zauna a bencin masu wannan sana'a a PZ, Sabon Garin Zariya, kafin in ɗauki alƙalami.

Wani matashi mai shagon buga takardu a Samaru ya rubuto: "Allah ya gafarta Malam, na haɗa kwamfutoci shida da firinta ɗaya, suna aika wa juna aiki ko babu data. Yaran shago suna cewa mun kafa yanar gizo. Haka ne?"

Ba haka ba ne, ɗana. Yana a Hausa ita ce siririn abin da ke shimfiɗuwa a kan wani abu: yanar da ke kwanciya a kan madara in ta huce, yanar da ke rufe idon tsoho, da kuma saƙar da gizo-gizo ke yi a kusurwar ɗaki. (Mu Zazzagawa da ba mu cika damuwa da namiji da mace a magana ba, yanan gizo muke cewa, Kanawa su yi ta mana dariya.) An aro wannan saƙar ce don a fassara tsarin shafukan da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a 1989 a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, inda kowane shafi ke da zaren da zai ja ka zuwa wani. Intanet kuwa ta girme ta. Tushenta ARPANET ne, sadarwar kwamfutoci da Amurka ta kafa a 1969, kuma ranar 1 ga Janairun 1983 aka koma kan TCP/IP, ƙa'idar musayar saƙo tsakanin kwamfutoci da ake bi har yau. Intanet ce titin, yanar gizo ɗaya ce daga cikin kayan da ake ɗaukowa a kansa.

Abin da ka kafa a shagonka bai kai ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma wannan ba raini ba ne. Sadarwar cikin gida ce. Kalmar daga "sada" take, wadda muke ji a sada zumunci da "Allah ya sada mu da alheri". Ban so ka ce netwok, domin a bakin mutanen Zariya ta riga ta zama sunan sabis ɗin waya: wanda ya ce "ba netwok" yana ɗaga wayarsa sama ne, ba kebul yake nema ba.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Wata ɗaliba ce daga unguwar Kongo ta nan Zariya: "Baba, me za mu kira rauta da suwic da Hausa? A aji haddace su kawai muke yi."

'Yata, a kasuwa ki ce rauta a ba ki, kada ki wahalar da mai shago. Amma in fahimta kike so, ki dubi gidan kakanki a cikin birni. Suwic tsakar gida ce. Kowane ɗaki ƙofarsa a nan ta buɗe, wanda zai miƙa wa na ɗakin gefe tuwo ba sai ya fita titi ba. Kwamfutocin matashin nan na Samaru a tsakar gida suke haɗuwa, shi ya sa ba sa bukatar data. Rauta kuwa zaure ce. Duk mai fita ta nan zai bi, duk saƙon da ya zo daga waje a nan zai yi sallama, maigidan da ke zaune a ciki shi ya san ɗakin da za a kai shi. Mutanen waje ba su san ɗakunan ba, adireshi ɗaya suka sani, na gidan. Wannan dabarar ce ma ta ceci tsohon tsarin ba kwamfutoci adireshi, wato IPv4, wanda adireshinsa gaba ɗaya bai wuce biliyan 4.3 ba, ƙasa da yawan mutanen duniya.

Shi adireshin lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakani, kowace daga 0 zuwa 255. Rauta da yawa suna zuwa da 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. In kin ga 255.255.255.0 a ƙarƙashinsa, cewa ake yi lambobi ukun farko sunan gidan ne, ta ƙarshe lambar ɗaki, kuma ɗakuna 254 ke akwai na zama. Kwamfutar da ke 192.168.1.7 da wadda ke 192.168.2.7 ba 'yan gida ɗaya ba ne ko da teburi ɗaya suke kai, sai zaure ya shiga tsakani. Kowace na'ura kuma dole a faɗa mata adireshin zauren. Wadda ba a faɗa wa ba za ta yi ta hira da 'yan gida lafiya lau, amma ba ta taɓa ganin titi, kamar wanda aka haifa a birni bai san inda Ƙofar Doka take ba.

Akwai wani aiki da rauta ke yi da ake kira DHCP, ni kuwa mai masauki nake ce masa. Baƙo ya shigo da waya ko kwamfuta, nan take a ba shi ɗaki, aro na wani lokaci, in ya tafi a ba wani. Firinta ce kaɗai ba a so ta zauna a ɗakin aro. A ba ta lamba tsayayya, in ba haka ba wata safiya kowa zai aika aiki ɗakin da ta bari. A gabana aka kawo ƙarar wani ofis da aka ƙara rauta ta biyu don sabis ya kai ɗakin baya, aka bar su duka biyun suna rabon masauki. Wasu na'urorin suka karɓi ɗaki daga wannan, wasu daga waccan, rabin ma'aikata suka rasa hanyar fita. Mai gyaran bai yi dogon bayani ba, cewa ya yi ba a sarki biyu a gari ɗaya, ya kashe rabon a ta biyun.

Abin da ya fi burge ni a bencin nan kebul ne. Wani yaro a bencin ya fere bakin kebul ɗin, sai ga wayoyi takwas an tufke su bibbiyu. Tufka, kalmar masu igiyar rama, ita ce daidai a nan, kuma ba ado ba ce: murɗin ne ke kashe hayaniyar lantarkin da ke gurɓata saƙo. Ya warware ɗan kaɗan, bai kai gaɓar yatsa ba, ya jera su yana faɗa kamar mai tilawa: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ya zura a kan roba ya matse da filaya, ƙas. Wanda ya zarce da warwara ya ɓata aikin da kamfani ya yi, ga tufka da warwara a zahiri. Kuma kada tsawon ya wuce mita 100.

Na ƙarshe wani malamin sakandare ne a Tudun Wada, yana neman karin maganar da zai koyar da darasin da su. Malam, "matambayi ba ya ɓata" ta dace da DNS, inda kwamfuta ke tambayar lambar gidan da ta san sunansa kawai. "Gida biyu maganin gobara" ta mai ajiye layi na biyu ce saboda ranar da na farko ya ɗauke.

Amma "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" tana son gyara kafin ka kai ta aji. Asalinta a kan husumar 'yan gida take, wadda ke ba bare ƙofa. Wi-Fi kuwa ba ya jiran bango ya tsage. Cikin zangunan da yake watsa sabis a kansu, na 2.4 GHz ya fi na 5 GHz ratsa gini, har ya tarar da samarin da ke zaune a dakalin maƙwabta. Bangon a nan kalmar sirri ce, kuma guda biyu ne, nan ne mutane ke tuntuɓe. Akwai ta shiga Wi-Fi, wadda a tsarin WPA2 ba ta gaza haruffa 8, akwai kuma ta shiga saitin rautar kanta. Ta farko kowa na canzawa. Ta biyun sau da yawa tana nan yadda ta fito daga kwali. Ka sa ɗalibanka su kifa rautar makarantarku su karanta takardar da ke manne a gindinta, sannan su gwada ko abin da ke rubuce a wurin har yanzu yana buɗe ta.