Wuƙa mai naɗewa ƙirar hannu: abin da ake dubawa kafin a biya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce wani maƙeri a nan Bauchi ya nuna maka wuƙaƙe biyu masu naɗewa da kubensu, ɗaya tana sheƙi kamar madubi kuma da araha, ɗaya dusu-dusu amma ta fi tsada, kana so ka kai wa kawunka tsaraba ka rasa wadda za ka ɗauka. To ka ajiye maganar sheƙi tukuna, injin goge ke kawo shi cikin minti goma. Kuɗin wuƙa yana cikin ƙarfenta da mahaɗarta, wato inda ruwan wuƙar ke juyawa a jikin mariƙi.

Fara tambayarsa da wane ƙarfe ya ƙera ruwan wuƙar. Idan ya ce sifirin ɗin mota ne, ko tsohon magagari, ko boris, madalla, waɗannan suna karɓar horo. Idan rodi ne ko guntun falange, ko an wasa ta safe da yamma ba za ta riƙe kaifi ba. Horon kuwa haka yake: a gasa ƙarfen a gawayin ƙirya har maganaɗisu ya daina kama shi, wajen digiri 770 ke nan, a ɗan ƙara masa wuta, sai a tsoma cikin mai mai ɗumi. Masu gaggawa cikin ruwa suke tsomawa, shi ke kawo siririyar tsaga wadda ido ba ya gani sai ran da wuƙar ta karye. Bayan nan dole a sake ɗumama shi a hankali har ya yi launin busasshen kara, wajen digiri 200. In an tsallake wannan, bakin zai riƙa ɓalgacewa kamar kwalba. In kuma aka bari ya yi shuɗi, ya yi laushi. Ka goga magagari a hankali kusa da kaifin: in ya zame yana ƙara siririya, horo ya yi, in ya ci ƙarfen kamar sabulu, mayar masa da abarsa.

Mahaɗa ita ce inda yawancin aikin ke lalacewa. Wuƙar aljihu mai ruwa santimita 8 zuwa 9 da kaurin milimita 2.5 zuwa 3 tana son fil mai kaurin milimita 4, da washa siririya ta tagulla a kowane gefe. Ramin fil in ya ɗara fil ɗin faɗi ko da kaɗan ne, wuƙar za ta riƙa lilo, kuma kullum ƙaruwa yake yi. Buɗe ta, ka kama tsinin da tsumma ka girgiza dama da hagu. Bai kamata ka ji motsi ba. Rufe ta ka leƙa ta sama: ruwan ya kwanta a tsakiya, kada ya goga gefe ɗaya. Sannan ka rufe ta da ɗan ƙarfi sau biyar, ka buɗe ka duba kaifin a hasken rana. In ka ga wani ɗigo yana ƙyalli, bakin yana dukan sifirin ɗin da ke bayan mariƙi ne, wanda ke riƙe ruwan a buɗe ko a rufe, saboda 'yar dunduniyar da ke tare shi a gindin ruwan an goge ta fiye da kima. Irin wannan kana wasawa tana dakushewa a aljihu. Ka kuma danna bayan ruwan da babban yatsa tana buɗe. Wadda ta rufe ba gardama, wata rana a kan yatsun kawu za ta rufe.

Mariƙi kuwa, icen maɗobiya, kanya ko ƙirya duk suna da kyau, in dai sun bushe sosai. Ɗanyen ice da ƙahon saniya da bai kwana biyu ba, hunturun Bauchi na zuwa za su tsuke su tsage daga wajen ƙusa. Shafa farce a inda ice ya haɗu da tagulla, kada ya sarƙe. Zanen dagi ko na zube da aka sassaƙa da kurfi yana da zurfin da yatsa ke ji, ba kamar wanda aka karce sama-sama ba. Wanda ya ce maka hauren giwa ne, ko dai ƙashi ne yake yi maka ƙarya, ko kuma yana neman ja maka fitina, don an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, giwayen Yankari ma 'yan kaɗan suka rage.

Kube aikin baduku ne, ba na maƙeri ba, saboda haka ka duba shi daban. Mai kyau yana da fatar saniya mai kaurin milimita 2 zuwa 3 daga ciki, an jiƙa ta an matsa a jikin wuƙar (wuƙar tana naɗe a leda) ta bushe a inuwa, sannan a lulluɓe da jar fatar akuya wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Ɗinki ya zama da zare mai kakin zuma, tazarar kamar milimita 4, ba a manne da gam kawai ba. Kifa kuben: wuƙar kada ta faɗo. Goga farin tsumma mai damshi a jikinsa, in ya ɗauko ja, haka zai yi wa aljihun farar shadda.

Ka gaya wa kawu kada ya bar ta cikin kube duk damina. Fata tana jan laima, ƙarfe ya yi tsatsa, tagulla ta yi kore. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya a mahaɗa, man kaɗanya kaɗan a ice da fata. Man gyaɗa danƙo yake yi ya tara ƙura. Kuma ba wuƙar yanka ragon layya ba ce, ta yi gajarta, ta fere rake ce da yankan tsire.