Shirya matan karkara su shiga kwamitin makaranta

'Yar'uwa, kin ce matan da kike horarwa suna da ƙwazo, amma da an zauna taron kwamiti sai su yi gum. Rashin sabo ne.

Fara kai su zaman a matsayin 'yan kallo, su ga yadda ake gabatar da ƙuduri. Sannan ki ba kowace aiki guda: wata ta ƙirga 'yan matan da suka daina zuwa aji, ta faɗi adadin da bakinta. Mai lissafi a hannu da wuya a katse ta.

Kada a tura mace ɗaya tilo, tana saurin karaya. Ku nemi kujeru biyu ko uku.

Sharuɗɗan shiga da sa hannu kan kuɗin makaranta kuwa, ki tambayi ofishin ilimi na yankinku.