Harbina yana shiga tsakiya amma ni ne na ƙarshe a gasa: in sayi bindigar Open ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni Bakano ne, shekara tara ke nan ina zaune a Johannesburg da takardar zama ta dindindin. Bara wani abokin aikina ya kai ni kulob ɗinsu na gasar harbi da ƙaramar bindiga, wanda ke bin dokokin IPSC, wato ƙungiyar wannan wasa ta duniya, abin kuwa ya shiga raina. Na shiga gasar kulob sau uku da bindigarsa, yana tsaye kusa da ni. Kusan duk harbina a tsakiyar allo yake sauka, amma kullum aka fitar da sakamako ina can ƙasa, har waɗanda nake ganin harbinsu a warwatse suna gabana. Wasu sun ce in tara kuɗi in sayi bindigar rukunin Open mai jan ɗigo (madubin saiti mai nuna ɗigon jan haske a inda aka auna), wai ita ce sirrin. Yanzu ina shirin neman lasisi. Wacce zan saya, kuma mene ne nake yi ba daidai ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayi bindigar Open yanzu. Matsalarka ba a bindiga take ba, kuma in ka saurare ni zan nuna maka inda take da alƙaluma, domin wannan wasa lissafi ne tun daga tushensa.

A IPSC ba a ba mutum matsayi da yawan maki kawai. Ana tara makin da ka samu a zango, wato kowane sashe na gasar mai nasa alluna, a cire na laifi, sannan a raba abin da ya rage da daƙiƙoƙin da ka ɓata daga ƙarar agogo zuwa harbinka na ƙarshe. Abin da ya fito, wato maki nawa ka ci a kowace daƙiƙa, shi ake jerawa. Allon kwali yana da yanki uku: A a tsakiya, C kewaye da shi, D a gefe. Ga mai harbi da harsashi mai ƙaramin ƙarfi, kamar ku masu harsashin 9mm, A maki 5 ne, C maki 3, D maki 1. Mu ɗauki gajeren zango mai allo shida, harsashi biyu a kowanne, maki 60 ke nan. Kai ka zuba duka 12 a cikin A, ka gama a daƙiƙa 15: 60 a raba da 15, ka sami 4. Wancan da kake ganin harbinsa a warwatse ya sami A takwas da C huɗu, maki 52, amma a daƙiƙa 9: ya sami kusan 5.8. In shi ne kan gaba a zangon, shi zai kwashe maki 60 ɗin gaba ɗaya, kai kuma a ba ka kusan kashi 69 cikin 100. Ka ga ba zaluntarka aka yi ba. Ka sayi maki takwas ne da daƙiƙa shida, ciniki kuwa ya yi tsada.

Kada kuma wannan ya sa ka koma feshi. Harsashin da ya kuskure allo gaba ɗaya yana jawo tarar maki 10, ga kuma 5 ɗin da ka rasa, 15 ke nan. A zangon da ake cin maki 5 a daƙiƙa, kuskure ɗaya daidai yake da ka tsaya cak na daƙiƙa uku. C ɗaya kuwa maki biyu kawai ya rage maka, ƙasa da rabin daƙiƙa. Wannan tazara tsakanin C da kuskure ita ce makarantar wasan duka. Taken ƙungiyar ma, tun da aka kafa ta a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka da Jeff Cooper a matsayin shugabanta na farko, kalmomi uku ne na Latin, DVC: daidaito, ƙarfi, sauri. Kai ka riƙe na farko da kyau, alhamdu lillahi, kuma shi ne mafi wuyar koyarwa. Na fi son a kawo mini mai harbi irinka sau goma da a kawo mini mai gaggawar da bai san inda harsashinsa ke zuwa ba.

To ina daƙiƙa shidan nan suka tafi? Sababbin 'yan wasa kusan duka suna zaton a yatsa suke, sai su dage da saurin danna kunama. Tsakanin harbi na farko da na biyu a allo ɗaya, ƙwararre yana ɓata kamar 0.20 na daƙiƙa, kai wataƙila 0.40. A allo shida bambancin bai wuce daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba. Sauran suna cikin lokacin da ba ka harbi sam: zaro bindiga daga kube, juyawa daga allo zuwa allo, tafiya daga wuri zuwa wuri, canza magazin, da wani abu da ba ka ma san kana yi ba, wato leƙa allo bayan kowane harbi don ka ga rami. Na taɓa tsayawa bayan wani ɗalibina ina riƙe da agogo. Yana harbi sai ya ɗan sauke bindigar, ya ɗaga haɓa, ya ga ramin, hankalinsa ya kwanta, sannan ya maida ido kan saiti. Sau goma sha biyu ya yi haka a zango ɗaya. Da na nuna masa hoton bidiyon a waya, rantsuwa ya yi bai san yana yi ba. Ina da yaƙinin kai ma kana yi, domin ɗabi'ar masu son tsakiya ce.

Maganinsa shi ne ka koyi karanta harbinka daga saiti. A daidai lokacin da bindiga ta tashi, idonka ya ɗauki hoton inda saitin gaba yake kafin ya yi sama. Inda yake a wannan ƙiftawar, nan harsashi ya tafi. In ka ga ya tashi daga cikin A ko C, ka wuce, ba ruwanka da rami. In ka ga ya tashi daga gefe, ka ƙara ɗaya nan take. Wannan ba ya samuwa sai ka daina rufe ido lokacin ƙara, kuma mutane da yawa suna rufewa don kunnensu ne ke shan wahala. Sa abin toshe kunne na soso, ka ɗora na rufewa a kai, ka gani in ba ka sami sauƙi ba. Tabarau kuwa dole ne, ba a barin kowa a fili babu shi, domin ɓarɓashin dalma yana dawowa daga farantan ƙarfe.

Sai riƙo, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Hannun da ke harbi ya hau can sama har ya tokare da ƙeyar bindiga, kada a bar rata. Ɗaya hannun ya cike duk filin da ya rage a jikin mariƙi, manyan yatsu biyu suna kallon gaba, kuma shi ne zai matse da ƙarfi sosai. Hannun harbi ya riƙe daram amma ba har ya sandare ba, don in ya sandare yatsan kunama ba zai motsa shi kaɗai ba, sai sauran yatsu su bi shi, harbin na-dama ya riƙa sauka ƙasa ta hagu. Ba a hana bindiga zabura. Abin da ake nema shi ne ta tashi ta dawo inda ta bari da kanta, kullum iri ɗaya. A da ana koyar da tsayuwar Jack Weaver, ɗan sandan nan na California da ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1950, hannu ɗaya na turawa ɗaya na ja. Daga shekarun 1980, bayan Rob Leatham da Brian Enos sun yi ta cin gasa suna fuskantar allo kai tsaye da hannaye biyu a miƙe, kusan kowa ya koma tasu. Ita zan ce ka bi, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a gaba.

Wajen juyawa daga allo zuwa allo, ido ne ke fara tafiya, bindiga ta biyo shi. Ka kafa ido a wuri guda ƙarami a tsakiyar allo na gaba, hannu zai kai saiti can ya tsaya. In ka tafi da ido da bindiga tare, za ka zarce sannan ka dawo. Wajen tafiya kuma, ka iso wurin harbi bindiga tana sama, kada sai ka tsaya sannan ka ɗaga ta. Magazin a canza shi ana tafiya, ba a tsaye ba. Duk wannan ana tsara shi ne a 'yan mintocin da ake ba ku ku zaga zango kafin a fara. Ka ƙirga harsasai, ka zaɓi inda ƙafarka za ta sauka, ka rufe ido ka bi tsarin a ka har sai ya zauna. Tsari mai sauƙi da ka haddace ya fi na gwaninta da za ka manta da zarar agogo ya yi ƙara.

Yanzu maganar saye. Bindigar Open injin tsere ce. Tana da jan ɗigo, tana da ƙarin baki mai ramuka da ke tura hayaƙi sama don ya danne bakin bindiga ƙasa, magazin ɗinta yana kai milimita 170. Gaskiya ne ta sauya wasan: tun da Doug Koenig ya ci gasar duniya ta 1990 da jan ɗigo, sauran suka bi sahu, kuma da irinta Eric Grauffel na Faransa ya ci kofin duniya sau biyar a jere daga 1999 zuwa 2011. Amma ramukan nan ba sa aiki sai da harsashi mai zafi, .38 Super ko 9mm da aka cika wa albarushi, domin a kai ma'aunin babban ƙarfi na 160 (lissafinsa yana nan tafe a ƙasa), inda C ke zama maki 4, D maki 2. Yawancin masu ita da kansu suke ɗura harsasansu a gida. Ga tsada, ga ƙara, ga yawan neman makaniki. Kuma da wa za ka kara? Kowane rukuni sakamakonsa daban, don haka za ka tsinci kanka cikin mutanen da suka shekara goma sha suna wannan sana'a, da daƙiƙa shidanka a aljihu ba su ragu ba.

Shiga rukunin Production. Bindiga ce kamar yadda kamfani ya ƙera ta, daga jerin da IPSC ta amince da shi, harsashi 15 a magazin, kowa ana ba shi makin ƙaramin ƙarfi, don haka babu wanda zai fi ka da aljihu sosai. CZ Shadow 2 da Tanfoglio Stock II ƙarfe ne zalla, Shadow 2 tana kai kilo 1.3, nauyin kuwa yana shanye zabura. Sai dai harbinsu na farko yana buƙatar doguwar ja mai nauyi, kuma dole ka koyi sauke gudumar baya a hankali a kan harsashi kafin ka sa a kube. Glock 17 kusan rabin wannan nauyin ce, janta iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kayan gyaranta ko'ina akwai. Ka roƙi 'yan kulob su ba ka kowacce ka harba. Wadda yatsanka ya kai kunamarta ba tare da ka karkatar da riƙo ba, ita ce taka. In shekaru sun fara sa saitin gaba yana yi maka hazo-hazo, akwai Production Optics, irin bindigar ce dai da jan ɗigo a kai, babu ramukan baki.

Kuɗin da ya rage ka sa shi a ɗamara mai tauri ta gasa, mai ciki da waje, da kube mai ƙarfi wanda ya rufe kunama ruf, da magazin aƙalla biyar tunda dogon zango yana kai harbi 32, da jakunkunansu, da agogon ƙirga harbi. A Production kube da jakunkuna bayan ƙashin ƙugu suke zama, kuma kada bindiga ta yi nisa da jiki fiye da milimita 50. Harsashi kuma ka tabbata ya haura 125 a ma'aunin ƙarfi. Ana ninka nauyin kan harsashi a giren (ƙaramin ma'aunin nauyi da ake auna harsashi da shi) da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1000: mai giren 124 da ke gudun ƙafa 1050 ya ba da 130. A manyan gasa ana karɓar harsasanka a gwada, in ya gaza 125 harbinka ba zai shiga lissafi ba. Ka bar wa kanka rata.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wurina. Bakin bindiga kada ya juya fiye da digiri 90 daga bangon da ke tare harsashi, yatsa kuma ya fita daga kunama duk lokacin da kake tafiya ba harbi ba, ko kana canza magazin, ko kana gyara cijewa. Saɓa ɗaya, an kore ka daga gasar ranar baki ɗaya. Ni ma an taɓa tsayar da ni a shekarata ta biyu. Ina gudu zuwa hagu ina canza magazin, na karkatar da bindigar don in ga ramin mariƙi, bakinta ya ɗan haura layi. Alƙalin fili ya daka mini tsawa in tsaya, na cire harsashi na nuna masa babu komai, na maida kube. Da na waiwaya na ga mutanen da ke tsaye ta wannan ɓangaren, jikina ya yi sanyi, kuma har yau ina gode wa wannan alƙali. Ga na-dama, tafiya hagu da canza magazin nan ne tarkon yake. Ka yi atisayensa a hankali tun yanzu.

Mafi yawan abin da na lissafa a gida ake koyonsa, babu harsashi. Minti goma sha biyar kullum, ƙananan alluna a manne a bango mai kauri, harsasai a kulle a wani ɗaki daban, ka duba bindiga sau biyu kafin ka fara. Zarowa, riƙo, juyawa, canza magazin. Ka matse kamar yadda za ka matse a fili. In hannunka bai gaji ba, ba ka yi daidai ba.

Game da lasisi, dokar bindigogi ta Afirka ta Kudu ta shekarar 2000 tana buƙatar ka fara samun takardar shaidar cancanta, kuma mai takardar zama ta dindindin yana cikin masu iya nema. Ka yi rajista da SAPSA, ƙungiyar wannan wasa ta Afirka ta Kudu, ta hannun kulob ɗinka, su za su nuna maka hanyar zama ɗan wasa mai rajista. Kada kuma ko da wasa ka yi tunanin tahowa da ita gida hutu. A dokar Nijeriya ta 1959 ƙaramar bindiga tana cikin waɗanda aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma ko harsashi ɗaya da aka manta a aljihun jaka yana iya jefa ka cikin babbar matsala a filin jirgi. Jakar fili daban, jakar tafiya daban.

A gasa ta gaba ka ba abokinka waya ya ɗauke ka daga baya a zango biyu, ka kuma roƙi alƙali ya karanta maka lokacin harbinka na farko daga agogo. Turo mini waɗannan, mu duba tare inda za ka fara ragewa. Allah ya tsare, ya ba da sa'a.