Amsa: Shin mishmish zai yi 'ya'ya a gida a Kano?

Malam, ka ce kana da ƙwallayen mishmish, wato afirikot, kana son shukawa a tsakar gida. Tsirowa kam za su iya. Fasa ɓawon a hankali, ka nannaɗe ƙwayar cikin tsumma mai danshi, ka ajiye a firij kamar wata biyu zuwa uku, sannan ka shuka inda rana ke bugawa kuma ruwa ba ya kwanciya, don saiwarsa na saurin ruɓewa.

Matsalar tana wajen fure. Bishiyar ƙasar sanyi ce, shi ya sa Malatya ta Turkiyya da Uzbekistan suka yi suna da ita. Kowace shekara sai ta zubar da ganye ta sha sanyin ƙasa da digiri 7 na ɗaruruwan awoyi kafin ta huda. Hunturun Kano, duk da yadda muke kuka da shi, da wuya ya sauka can. Ganye za ka yi ta gani, shekara da shekaru.

Da a Mambila kake ko Jos, sai in ce nemi dashen irin Katy ko Gold Kist, masu buƙatar sanyi kaɗan, ka gwada sa'a. A Kano kuwa, ni dai rumman ko gwaiba zan sa a wurin.