Kafinta Daga Zuru: Jarina Ya Maƙale a Aikin Majami'a

Wani kafinta daga Zuru ya rubuto mini. Yana ƙera bencuna da mumbari na majami'u, yana sassaƙa gicciye da zanen gargajiyar Dakarkari a jikin kujeru. Wata majami'a ta ba shi aikin benci 40, ya sayi katako da kuɗinsa, wata bakwai ke nan rabin kuɗin bai fito ba. Ya ce kunya ta hana shi tambaya, tunda aikin Ubangiji ne.

Ɗan'uwa, kunyar nan ita ke cin jarinka. Baiko daban, sana'a daban. In kana son yi wa Ubangiji kyauta, ka ware benci biyu ka ce wa dattawa waɗannan baikonka ne, sauran 38 kuwa ciniki ne. A Luka 10:7 ma an ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Ka sami ma'aji da sakataren majami'a, kada ka tsaya ga fasto kaɗai, ku rubuta abin da ya rage da ranakun biya. Yawancin masu bi a ƙasar Zuru manoma ne, aljihun majami'a kan yi nauyi ne bayan girbi, lokacin godiyar kaka. To, ka ɗaura ranar biya a nan.

Nan gaba kada ka taɓa zarto sai an ba ka kafin alƙalami da zai sayi katako da ƙusa da fenti gaba ɗaya, a ganina kada ya gaza kashi 60 cikin 100. Farashin katako ba ya jiran kowa, don haka ka rubuta cewa kuɗin da ka yanka na wata ɗaya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne sassaƙar. Na tabbata kana saka ta cikin kuɗin benci kamar gyara. Benci kowane kafinta zai haɗa, amma gicciyen da ka kwana uku kana fitarwa a jikin maɗaci, da zanen da ka gada wurin kakanni, ba a samunsu a shagon kowa. Ka ƙirga kwanakin, ka sa musu kuɗinsu daban. Wanda bai da hali ya ɗauki marar ado. Kuma ka busar da katako sosai, domin ɗanye yakan tsage da hunturu, mumbari ɗaya da ya tsage a gaban jama'a ya isa ya kore maka ciniki.

Kada kuma ka dogara da majami'u kaɗai. Ka riƙa yin ƙananan kaya: kujerar tsugunno, ƙaramin tebur na ajiye Littafi Mai Tsarki, gicciyen bango. 'Yan Zuru da ke aikin soja da na gwamnati a Kaduna da Abuja suna dawowa gida lokacin Kirsimeti da bikin Uhola na gargajiyar Dakarkari, kuma da kuɗi a hannu suke saye. Ka ɗauki hotunan kayan ka sa a WhatsApp tun watan Oktoba, mai so ya tura rabin kuɗi kafin ya iso.