Bashin Shinkafar da Aka Rage wa Ruwa a Lokacin Korona

Tambaya: Malam, ni manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Na shiga shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. Da Korona ta durƙusar da kasuwa a 2020, aka rage ruwan daga kashi 9 zuwa 5. Taki da iri da injin ban ruwa aka ba ni, sai ɗan kuɗin ƙwadago, kuma har yanzu da saura a kaina. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Allah ya yaye maka, ɗan'uwa. Haramcin riba ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da nake so ka duba shi ne takardar da ka sa wa hannu. In an sayar maka da kayan ne a kan farashi yankakke da za ka biya bayan girbi, wannan ciniki ne na ajali, ya halatta ko da ya fi na kasuwa tsada. In kuwa kuɗi aka rubuta a kanka, ruwa yana hawa da tafiyar watanni, to riba ce, kuma kasancewar buhun taki ne ya iso hannunka bai canza komai ba.

Na san ana cewa tunda tsadar kaya a 2020 ta haura kashi 12, kashi 5 ba ƙari ba ne, cike giɓin darajar naira ne, har ana jingina wannan ga Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa. Jinginar ba ta tsaya ba. Shi yana magana ne a kan kuɗin da darajarsu ta sauya bayan an ƙulla bashi, bai halatta a gindaya ƙari tun ranar ƙullawa ba. Da naira ta yi daraja a shekarar, da an yafe maka kashi 5 ɗin? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce bashi da mislinsa ake biya. Gwamnati ta rage ruwa ne don kuɗi su zagaya, noma kada ya tsaya, manufa ce mai kyau, amma kyawunta ba ya gyara sharaɗin.

In ribar ce, ka tuba, ka nemi a ɗauke maka ruwan. In an ƙi, ka biya don kuɓutar da kanka. Uwar kuɗin kam dole ce. Kada ka saurari masu cewa kuɗin gwamnati rabonmu ne, domin rashin biyan wasu yana toshe wa manoman baya hanya. Ka rubuta abin da ya rage, ka nuna wa babban ɗanka, kuma ka ware buhunan biya tun a masussuka kafin su shiga rumbu. Wallahu a'alam.