Me zai hana Google ya sa ranar da aka sabunta kowane shafi?

Tambaya: Salam malam, don Allah in na nemi abu a Google wasu shafukan sai in ga kwanan wata a gefensu wasu kuma babu, sai ka buɗe ka gama karantawa sannan ka gane ashe tsohon bayani ne, musamman in farashin wani abu kake nema. Me zai hana su sa wa kowanne ranar da aka sabunta shi kowa ya huta? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai su ɗin ma ba su da tabbas, shi ya hana su. Wancan kwanan watan da kake gani ba wai Google ne ya shaida da idonsa an gyara shafin ranar ba, kintata yake yi daga abin da mai shafin ya ba shi, wato ranar da aka rubuta a saman labarin da kuma wata da ake sawa can cikin lambobin da aka gina shafin da su, ana ce mata dateModified, in biyun nan suka saɓa ko babu su gaba ɗaya to sau da yawa sai ya bar wajen haka nan.

To ga inda gizo ke saƙar. Masu shafuka sun san mutane sun fi danna abin da suka ga sabo ne, don haka wani ba abin da zai taɓa a rubutun sai shekarar da ke kanun, ya goge 2022 ya sa ta bana, shi ke nan tsohon zance ya zama ɗanye. Ɗauki man fetur, kafin 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafi ya tafi lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, cikin 'yan kwanaki ta haura 500 a Abuja da Kano, to shafin da aka rubuta a watan Afrilun shekarar in aka gyara masa waƙafi ɗaya jiya zai iya fito maka da ranar jiya, farashin ciki kuwa na nan yadda yake. Ni a ganina wannan ya fi rashin ranar haɗari, don wanda bai ga rana ba aƙalla zai yi shakka. Kuma fa ba kowane tsohon shafi ne ya lalace ba, tarihin Shehu Ɗanfodiyo da aka rubuta a 2010 me ya same shi?

Dabarar da zan ba ka, tun 2019 Google ya kawo kalmomin tace bincike after: (bayan rana kaza) da before: (kafin rana kaza), sai ka rubuta abin da kake nema ka ƙara after:2025-01-01, shekara sannan wata sannan rana, zai cire maka waɗanda suka girmi wannan ranar. Ko ka danna maɓallin Tools a shafin sakamakon binciken ka zaɓi na makon nan ko na watan nan, amma shi ma da waccan ranar da aka kintata yake aiki.

In abin na kuɗi ne kamar fom ɗin JAMB ko fasfo, ka je shafin hukumar kai tsaye. In kuma kana zargin an yi wa shafi kwaskwarimar rana ne kawai, kwafi adireshinsa ka sa a Wayback Machine, wato shafin da ke adana tsofaffin kwafin shafukan intanet, in sun taɓa adana shi za ka ga yadda yake a shekarun baya ka gwada da na yau. Da can Google na da maɓallin cache mai nuna kwafin da ya ɗauka da ranar ɗaukar, amma sun cire shi a 2024.